Wa Ke Rubuta Sunayen Masu Karɓar Hatsi?

Ƙanena, ka ce kana aikin sa-kai da wata ƙaramar ƙungiyar agaji a nan Kaduna, kuma abin da ke faruwa a Sudan da maƙwabtanmu na Sahel ya sa kake tambaya biyu. Idan sojoji ne ke mulki, yunwa ta faɗo, suna da hurumin hana masu agaji shiga? Sannan me ya sa duk sanda aka ɗauko wannan zance sai an sako makiyaya da ƙananan ƙabilu da haƙƙin 'yan asalin wuri, alhali yunwa ba ta tambayar ƙabilar mutum?

Ta farkon amsarta gajera ce a takarda. Gwamnati, ta farar hula ce ko ta kaki, tana da ikon sanin wanda ke shiga ƙasarta, ta kwance buhu ta duba, ta ce ga hanyar da za a bi ga ranar da za a bi ta. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta hana ɗungurungum, mutane na mutuwa, ita kuma ta kasa ciyar da su ko ta ƙi. Ƙarin yarjejeniyar Jeniba na biyu, na shekarar 1977, wanda ya shafi yaƙin cikin gida, ya haramta horar da farar hula da yunwa a sashe na 14, ya kuma hana lalata gonaki da dabbobi da wuraren ruwan sha don wannan manufa. Sashe na 18 ya ce a kai agaji idan jama'a sun shiga ƙunci, sai dai ya sharɗanta yardar gwamnatin ƙasar, kuma a bayan wannan sharaɗi masu mulki suke fakewa. Ra'ayin da ya yi rinjaye a wurin masana shi ne ba a ƙin yarda sai da dalili karɓaɓɓe, kuma ƙin da zai kai mutane ga mutuwar yunwa saɓa doka ne. A Mayun 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2417 yana tir da amfani da yunwa a matsayin makami da hana agaji ba bisa ƙa'ida ba. A Afirka kuma muna da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan masu gudun hijira na cikin gida, wadda ta wajabta wa gwamnatoci buɗe wa kayan agaji hanya. Najeriya ta amince da ita, Nijar ma ta mayar da ita dokar ƙasa a 2018.

Juyin mulki ba ya soke ko ɗaya cikin waɗannan, domin ƙasa ce ta sa hannu. Abin da yake rushewa shi ne hanyoyin da talaka zai bi ya tilasta a cika alkawarin. Mu da muka ga zamanin soja mun san yadda ake yi: dokar farko ta jingine tsarin mulki, majalisa ta watse, sai a biyo da dokokin da ke cewa babu kotun da za ta saurari ƙara kan abin da aka aikata a ƙarƙashinsu. A 1984 Doka ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, Doka ta 4 kuma ta kai 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, ya daɗe yana cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jarida mai 'yanci. Yunwa tana ɗaukar watanni kafin ta kai ga kisa. Kuɗin mudu ya hau, kuɗin akuya ya faɗi, magidanta su fita ci-rani tun lokaci bai yi ba, mata su fara tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Idan akwai mai faɗa, akwai kuma mai jin tsoron a faɗa, ana tarar abin tun da sauran dama.

Mu 'yan Najeriya ba sai mun je nesa neman misali ba. Bayan Fatakwal ta faɗa hannun sojojin tarayya a Mayun 1968, Biyafara ta rasa teku, miliyoyin mutane suka cunkushe a yankin da ba ya iya ciyar da su. Rogo akwai, amma busasshen kifin da ake shigo da shi daga waje da shanu da waken Arewa duk sun yanke, sai tamowa mai kumbura ciki da ƙafafu ta kama yara. Gwamnatin Janar Gowon ta ce a shigar da abinci ta ƙasa, ta hanyar da za ta iya dubawa, ko jirage su riƙa tashi da rana. Ojukwu, shugaban Biyafara, ya ƙi, ya ce ana iya sa wa abincin guba, kuma hanyar ƙasa buɗe wa sojojin tarayya ƙofa ne. Akwai dalilin da bai cika faɗa ba: jiragen makamai suna sajewa da jiragen abinci da dare a filin Uli, wanda asalinsa titin mota ne aka faɗaɗa. A ɓangaren tarayya kuma wasu manyan jami'ai sun fito fili sun ce yunwa makami ce a yaƙi. Ranar 5 ga Yunin 1969 jirgin yaƙin Najeriya ya harbo wani jirgin Red Cross, a ƙarshen watan kuma gwamnati ta karɓe jagorancin aikin agaji daga hannun ƙungiyar. Ƙungiyoyin coci suka ci gaba da jigila daga tsibirin Sawo Tome ba tare da izinin Legas ba, sawu sama da 5,000. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya sha bamban, daga 500,000 zuwa miliyan 2, akasarinsu yunwa da cuta ne suka kashe su. A ganina jigilar nan ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, ta kuma taimaka wajen tsawaita yaƙin, tunda kuɗin da masu agaji ke kashewa a ciki ya zama kuɗin waje ga hukumar Biyafara. Duk biyun gaskiya ne, kuma mai aikin agajin da ba ya iya riƙe su tare a ransa zai sha wahala a fagen aiki. Ibibiyo da Efik da Ijo da Ogoni kuwa, waɗanda yaƙin ya bi ta kan ƙasarsu, kowane ɓangare kallon masu cin amana ya yi musu, kuma kusan ba a ambatarsu idan ana ba da wannan tarihi.

Kafin a tare hanya, ana fara musanta cewa akwai yunwar. Ma'aunin da duniya ke aiki da shi ya ce sai gida 20 cikin 100 sun rasa abinci ƙwarai, yara 30 cikin 100 suna fama da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum, sannan a ce yunwa ta tabbata. Ba a samun waɗannan alƙaluma sai an shiga gari an auna damtsen yara an ƙirga kaburbura. Wanda ya hana shiga ya hana alƙaluman, sannan ya ce a kawo hujja. A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da Al-Fashir a Darfur. Gwamnatin sojan Sudan ta musanta, a Disamba kuma ta dakatar da hulɗa da tsarin binciken ana gab da fitar da rahoton da ya nuna yunwar ta bazu. Ita ce kuma ta rufe mashigar Adre ta kan iyakar Cadi daga Fabrairu zuwa Agustan wannan shekara, duk da ba ita ke riƙe da wurin ba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi umarnin saboda ita ce gwamnatin da aka sani a hukumance. Su kuma mayaƙan RSF, rundunar da ke yaƙar sojojin gwamnati, sun wawashe rumbunan agaji, sun yi wa Al-Fashir ƙawanya sama da shekara. A maƙwabta, sojojin Burkina Faso sun kori babbar jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar a Disambar 2022, lokacin da garin Jibo ke cikin ƙawanyar masu iƙirarin jihadi, na Nijar kuma suka umarci kwamitin Red Cross na duniya ya rufe ofisoshinsa a Fabrairun 2025.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Gaskiya ne fari ba ya zaɓe. Rabon hatsi ne ke zaɓe, domin mutum ne ke rubuta jerin sunaye, mutum ne ke cewa mota ta sauke kaya a wannan gari ta wuce wancan.

Duk wanda ya girma a Kaduna ko Kano ya san Buzu mai gadi, da rawaninsa da takobinsa da 'yar butar shayi a ƙofar gidan wani. Ba kowa ya san cewa farin 1973 da na 1984 ne suka koro da yawansu ba. Makiyayi yakan ci duka ta fuska biyu a shekarar fari: dabbarsa ta rame ta faɗi a kasuwa daidai lokacin da gero ya yi tsada, sai saniyar da a da take sayen buhuna ta koma ba ta sayen ko ɗaya. Manomi idan Allah ya kawo damina mai kyau yana iya miƙewa a shekara guda, amma garken da ya ƙare sai an yi shekaru ana tarawa. Shi kuma agaji a garuruwa ake sauke shi, a raba ta hannun hakimai da takardun haraji, mutumin da ke bin ruwa da ciyawa kuwa ba ya cikin takardar kowa. In yana son ya ci, sai ya bar daji ya shiga sansani, irin na Lazare da aka yi a gefen Yamai, inda ƙyanda da gudawa ke jiran 'ya'yansa. A Mali abin ya fi muni, domin tun boren 1963 sojoji ke kallon arewacin ƙasar a matsayin yankin 'yan tawaye. A zamanin Musa Tarawore an karkatar da kayan agaji har mutanen Bamako suka riƙa kiran wasu manyan gidaje da sunan gidajen fari. A Nijar, cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar na kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974 har da yadda aka yi wasa da hatsin agaji. Bayan shekaru, gwamnatin Janar Ali Shaibu ta kira Buzayen da suka gudu Libiya da Aljeriya su dawo gida da alkawarin tallafi. Suka dawo, tallafin bai kai gare su ba. A Mayun 1990 rikici ya ɓarke a Cintabaraden, sojoji suka huce a kan farar hula, daga nan aka shiga tawayen da sai a 1995 aka sa hannu kan sulhu. Wanda ya bi zaren zai ga yadda buhun da bai isa hannun mai shi ba ya koma bindiga bayan shekara goma sha.

Mu ma muna da hannu a wannan tarihi, kuma ya kamata mu san shi. Kakanninmu sun sa wa yunwa sunaye, irin su Kakalaba ta 1914. 'Yan'uwanmu na Nijar sun sa wa ta 1984 suna El-Buhari, saboda gwamnatin sojan Najeriya ta rufe iyakoki a Afrilun wannan shekara lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Ba don a kashe kowa aka rufe ba, amma mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka saba samun hatsi daga kudu, su kuma sayar da dabbobinsu a nan, sun wayi gari hanya ta toshe a shekarar da suka fi bukatarta. Takunkumin da aka sa wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya maimaita wani abu mai kama da haka, kayan agaji suka maƙale a kan iyakar Benin, kuma gwamnatocin farar hula ne suka sa shi.

Abin da ya fi hana agaji muni, a wurina, shi ne a bari ya shiga amma a mayar da shi tsaba a bakin tarko. A Habasha, gwamnatin sojan Mengistu ta yi bikin cika shekara 10 da juyin juya hali a Satumban 1984 mutane na mutuwa a Wollo da Tigrai, sai da hotunan garin Korem suka fita duniya a Oktoba aka buɗe ƙofa. Da abinci ya shigo, sai aka riƙa kwasar mutane, har daga wuraren rabo, ana kai su kudu da yammacin ƙasar da sunan sake tsugunarwa, kimanin mutum 600,000, da yawa suka mutu a hanya da sababbin matsugunan. Manufar ta haɗa da raba 'yan tawaye da jama'ar da ke ciyar da su. Ƙasar da aka zuba su kuma tana da masu ita, Anuwak a Gambela da Gumuz a Metekel, ba wanda ya tambaye su. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ta Faransa suka yi magana, aka kore su a Disambar 1985, sauran ƙungiyoyi suka yi shiru suka ci gaba da aiki. A Sudan an kafa babban shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989, amma gwamnatin Al-Bashir ta ƙi yarda ya shafi yankunan duwatsun Nuba da ba sa hannunta. Mutumin Nuba in yana son abinci sai ya sauko daga dutse ya shiga abin da aka kira sansanin zaman lafiya, filayen nomansa kuma na tafiya hannun masu manyan gonakin tarakta. Haka aka zauna har tsagaita wutar Janairun 2002. Can a Gwatemala ma, Janar Rios Montt ya yi wa ƙabilun Maya irin wannan a 1982 da shirin da aka kira bindiga da wake: ka bi soja ka ci, ka ƙi a ƙona maka gona.

Ka lura, a duk wuraren nan yunwa ta gama aikinta ne da raba mutane da ƙasarsu. Shi ya sa haƙƙin 'yan asali ke shigowa zancen. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, a rahoton da ta amince da shi a 2003, ta ce a nahiyarmu ba a auna wannan da wanda ya riga zuwa. Ana nufin al'ummun da rayuwarsu ta rataya ga wata ƙasa ko daji ko burtali, waɗanda aka tura gefe a mulki, kuma su da kansu suke ganin kansu haka, irin su Batwa da San da Masai da Buzaye da Bororo da Ogoni. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Satumban 2007 ta ce ba a tashin irin waɗannan al'ummu daga ƙasarsu sai da yardarsu bayan an yi musu cikakken bayani, ta kuma taƙaita ayyukan soja a yankunansu. Sai dai sanarwa ce, ba ta ɗaure kowa, Najeriya ma tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Abin da ya fi ƙarfi a hannunmu shi ne Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummu ta 1981, wadda ta zama dokar Najeriya. A ƙarƙashinta aka kai ƙarar gwamnatin Abacha kan Ogoni a 1996, a 2001 hukumar ta yanke cewa lalata gonaki da ruwan kamun kifi da hana mutane komawa gonakinsu tauye haƙƙin abinci ne. Hukuncin ya zo bayan an rataye Ken Saro-Wiwa, jagoran fafutukar Ogoni, da abokan gwagwarmayarsa 8 a Nuwamban 1995, bayan Abacha ma ya rasu. Ga amfanin doka ke nan, ga kuma jinkirinta.

A nan zan ja maka kunne, domin a Kaduna kake aiki. Mu in an ce ɗan asali, takardar indijin ke zuwa mana a rai, da rigimar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Wannan wani abu ne daban, kuma in ka bar shi ya shiga rabon abinci ka zama irin waɗanda muke magana a kansu. Mun san abin da batun ƙasa da kasuwa da sarauta ya jawo a Zangon Kataf a 1992, Atyap da Hausawa duk sun binne nasu, wutar ta iso cikin garin Kaduna, kotun musamman da gwamnatin soja ta kafa ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba kuma ba ta warkar da kowa ba. Ka kuma tuna cewa Bahaushen da ake gani babba a nan, a wani wuri shi ne baƙon. Hausawa da Fulani sun fi shekara 100 a gaɓar kogin Nilu a Sudan, wasu mahajjata ne da suka yada zango, wasu zuriyar masu hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, su suka kafa garin Mai Wurno. A Yulin 2022, ƙarƙashin mulkin soja, neman da Hausawan yankin Damazin suka yi na samun sarautar gargajiya tasu ya gamu da amsar cewa ba su da ƙasa a wurin, aka kashe ɗaruruwan mutane tsakanin Yuli da Oktoba, dubbai suka bar gidajensu. Matsayina shi ne: tarihin zama a wuri hujja ce a kan ƙasa, kada a ƙwace wa mutane gona ko burtali ko wurin ibadarsu saboda sun gudu a shekarar wahala. Amma abinci bukata kaɗai ke ba da shi. Yaron Adara da ya gudo daga Kajuru, da na Bagwari daga Cikun, da na Bafulatani daga rugar da aka ƙona, da na Bahaushe daga Birnin Gwari, ma'auni ɗaya ake ɗaura musu a damtse a auna.

Kada kuma ka ɗauka kaki ne kaɗai matsalar. Shugaba Mamadu Tanja zaɓaɓɓe ne, amma ya musanta yunwar 2005, gwamnatinsa kuma ta dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maraɗi a 2008. Sojojin Salu Jibo da suka kifar da shi a Fabrairun 2010 su ne suka fito suka ce akwai yunwa, a kawo ɗauki. A nan gida, a 2019 sojoji sun rufe ofisoshin manyan ƙungiyoyin agaji biyu a Arewa maso Gabas na wasu makonni bisa zargin taimakon Boko Haram, a mulkin farar hula. A 2021 an dakatar da kasuwannin mako a wasu ƙananan hukumomin Kaduna, aka hana babura, aka katse layukan waya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Manufar a fili take, kuma mutanen da aka sace wa 'yan'uwa sun goyi baya. Amma matar da ke sayar da tiya biyu ranar kasuwa ta sayi magani ita ma an toshe ta. Duk inda aka fara kallon abincin gari a matsayin guzurin abokin gaba, farar hula ne ke fara ramewa, domin mai bindiga shi ne na ƙarshen kwana da yunwa. Bambancin mulkin soja shi ne babu wanda zai tilasta a sake duba matakin.

In ka zauna da jami'in da bai damu da Jeniba ba, akwai hujjar da ya sani tun yana makarantar allo. Lokacin da Sumamatu ɗan Usalu, shugaban Yamama, ya musulunta, ya hana hatsi zuwa Makka har Ƙuraishawa suka galabaita. Suka aika wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna roƙo da zumunci, ya umarci Sumamatu ya sake musu hanya, alhali suna yaƙi da shi, kuma su ne suka taɓa tsare shi da danginsa shekara uku har aka ci ganye. Jami'i Kirista ma ya san umarnin da ke cikin littafinsa na ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa. Hafsoshinmu da yawa a nan Kaduna da Jaji aka horar da su, an koya musu dokokin yaƙi, ba baƙon zance za ka kai musu ba.

Ka je wa kwamanda da sanin cewa tsoronsa na gaske ne. Kayan agaji suna faɗawa hannun 'yan bindiga, an gani, musantawa ba ta da amfani. Ka kai masa takardar kaya, lambar mota, sunan direba, yawan gidajen da za su karɓa, ka ce a buɗe a duba. Ka rage masa dalilan ƙi ɗaya bayan ɗaya, duk ƙin da aka yi kuma ka rubuta ranarsa da wurinsa da dalilin da aka bayar, domin da irin wannan rubutu ake gane jinkiri na gaskiya da hanawa da gangan. Rakiyar sojoji kada ta zama zaɓinka na farko. Ran da aka ga buhunanka tsakanin motocin yaƙi, ɗaya ɓangaren ya gama yanke hukunci a kanka da kuma ƙauyen da ya karɓa.

Jerin sunaye kuwa kada ka sake shi ga mutum ɗaya, ko hakimi ne ko kansila ko kwamanda. A zauna da mai unguwa da arɗo da limami da fasto da mata, a karanta sunayen a bainar jama'a da harshen da mutanen ke ji, a ba da damar a ce an manta da wance. Ka tambayi wanda ba ya wurin da dalilin rashinsa. Makiyayi sau da yawa dusa da allurar dabbobi da gyaran rijiya sun fi masa buhun shinkafa, domin su za su hana shi zama ɗan sansani. Inda kasuwa ke ci, kuɗi a hannu ya fi jigilar hatsi, yana kuma barin mutane a garinsu kusa da gonarsu. Akwai iyakar da nake ganin bai kamata a ƙetare ba: in aka ce sai mutane sun bar ƙasarsu, ko sun ba da sunayen 'yan'uwansu, ko sun shiga sintiri kafin su ci, ko aka hana ku ganin waɗanda suka karɓa da idonku, to ku dakata ku faɗi dalili. Ƙasa da wannan, ku daure ku zauna, ku bar masu kare haƙƙi da 'yan jarida su yi maganar da ku ba za ku iya yi ba alhali motocinku na kan hanya.

A Kaduna yawancin waɗanda suka gudo ba sa sansani. Suna rakuɓe a gidajen dangi da kangaye a Rigasa da Maraban Rido da Gonin Gora da gefen Laduga, masu masaukinsu ma sun cinye abin da suka ajiye. Ku fara zagaya su tun da kaka kuna rubutawa, ku nemi izinin hanyoyinku tun rani, domin takardar da aka fara nema a watan Yuni ba ta cika fitowa kafin Agusta ba, lokacin da rumbuna suka riga suka ƙare.